Lightroom ta cika min faifai: tambayoyi da amsoshi kan hotunan duba, rumbun wucin gadi da sunayen fayiloli

Tambayoyin nan su ne suke ta maimaituwa a bakin masu ɗaukar hoton biki da na situdiyo, musamman masu aiki da Lightroom Classic, manhajar Adobe ta tsara hotuna da gyara su, a laftof mai ƙaramin faifai. Na gaji da amsa su ɗaya bayan ɗaya a waya da tsakar dare, shi ya sa na tara su wuri guda. Sunayen menu na bar su yadda suke a allo don kada a sha wahalar nema. Abin da manhaja ke kira Preview shi nake kira hoton duba, Cache kuma rumbun wucin gadi.

1. Mene ne hoton duba? Ba ainihin hotona nake gani a allo ba?

A mafi yawan lokaci, a'a. Fayil ɗin RAW ɗanyen bayani ne da kamara ta kwaso, kamar geron da ba a surfa ba, sai an sarrafa shi kafin ido ya ga hoto. Kamara mai megafiksel 24 tana fitar da hoto mai fiksel 6000 a faɗi da 4000 a tsaye, nauyin kowanne kusan MB 25 zuwa 30. In da Lightroom za ta sarrafa wannan nauyi duk lokacin da ka danna kibiya, da ka kwana kan hotunan kamu kaɗai ba ka gama ba.

Don haka sai ta haɗa ƙaramin JPEG na kowane hoto ta ajiye a wata folda da sunanta ya ƙare da Previews.lrdata, kusa da katalog, wato fayil ɗin da manhajar ke ajiye bayanan hotunanka da gyaranka. Shi kake gani a sashen Library. Sashen Develop kuwa, inda ake gyaran hoto, daga ainihin fayil yake aiki, kuma rumbunsa daban ne, wanda amsa ta 6 ta yi bayaninsa.

2. In na goge foldar Previews.lrdata, hotunana ko gyarana za su tafi?

Ba za su tafi ba. Rufe Lightroom, goge foldar, sake buɗewa, za ta fara gina sababbi. Za ka ga akwatuna masu toka-toka na ɗan lokaci, suna cika ɗaya bayan ɗaya. Sharaɗin shi ne ainihin hotunan suna nan kuma manhajar ta san inda suke.

Matsalar tana wurin maƙwabtan foldar, don sunayensu sun yi kama. Fayil mai ƙarewa da .lrcat shi ne katalog ɗin kansa: duk gyaranka, taurarinka da tarin da ka haɗa suna cikinsa, kuma in ya tafi ba ya sake tsirowa. Tun daga Lightroom Classic 11, wadda ta fito a 2021, akwai kuma mai ƙarewa da .lrcat-data, inda ake ajiye bayanan zaɓen da manhaja ke yi da kanta, kamar ware mutum daga bango ko ware sama. Shi ma kada ka taɓa. Mutane da yawa sun ga kalmar data sun ɗauka shara ce.

Akwai lokaci ɗaya da hotunan duba suke zama dukiya. Wani yaro da ya taɓa aiki da ni faifansa na waje ya faɗo daga kan tebur, bikin mutane na ciki, kwafi babu, kuma ya riga ya wanke katin memori. Abin da ya rage masa hotunan duba ne kawai. Adobe tana da ɗan rubutun umarni na ciro su a matsayin JPEG, da shi aka samo abin da aka kai wa amarya. Ba su kai na asali kyau ba, amma sun fi a je hannu rabbana. In ka rasa ainihin hotuna, kada ka kusanci wannan folda da niyyar gogewa.

3. Wajen shigo da hotuna ana ba ni zaɓi huɗu a Build Previews. Wanne zan ɗauka?

Minimal yana ɗaukar ɗan mitsitsin hoton da ke cikin fayil. Shigowa da sauri, amma bashi ne ka ci: duk hoton da ka buɗe daga baya sai ka jira. Embedded & Sidecar yana ɗauko JPEG ɗin da kamara ta riga ta saka cikin RAW, ka fara zaɓe nan take. Standard yana gina wanda ya dace da girman allonka. 1:1 kuwa cikakken girma ne, wanda za ka zuƙo har ƙwayar ido ka ga ko ta fito ras, shi ne kuma ya fi cin lokaci da wuri.

Ni ga yadda nake yi da biki mai hoto dubu biyu. Ina shigowa da Embedded & Sidecar, in tankaɗe in fitar da ɗari huɗu ko biyar, sannan in zaɓe su kaɗai in shiga Library, Previews, Build 1:1 Previews, in tafi sallah ko cin abinci. Gina 1:1 ga hoton da ango ya rufe ido asarar caji ce. Sai dai ka lura, wasu kamarori, irin tsofaffin Sony, ƙaramin JPEG suke sakawa ciki, ba zai isa ka tantance kaifin hoto ba.

4. Hoto yana fitowa da kyau, bayan daƙiƙa biyu sai launi ya dushe. Me ya lalace?

Babu abin da ya lalace. Na farkon da ka gani JPEG ɗin kamara ne da aka ambata a amsa ta 3, wanda ta riga ta zuba wa launi da kaifi irin nata. Na biyun shi ne fassarar Adobe ta ɗanyen fayil ɗin. In launin kamara ya fi maka, musamman kan fata da jan leshi, shiga Profile a sashen Develop ka zaɓi na rukunin Camera Matching, ko ka saita Raw Defaults a Preferences ya bi saitin kamara tun daga shigowa.

5. Foldar hotunan duba ta yi ƙiba har ta cika min faifai. Yaya zan rage ta ba tare da na goge duka ba?

Buɗe Catalog Settings, wanda ke ƙarƙashin Edit a Windows. A shafin da ke kula da hotunan duba ka lura da abu uku. Standard Preview Size ka bar shi a Auto, ko 2048 in allonka 1920 da 1080 ne. Preview Quality a Medium ya wadatar. Na ukun, Automatically Discard 1:1 Previews, shi ne mai muhimmanci: ana iya sa shi bayan kwana ɗaya, mako ɗaya, kwana 30, ko Never. Wanda ya sa Never bai da bakin kuka. Mai gama aikin biki cikin kwana goma, mako ɗaya ya ishe shi. Tsofaffin ayyuka kuma ka zaɓe su ka shiga Library, Previews, Discard 1:1 Previews. Kada ka tsaya kallon faifai, wurin ba ya dawowa nan take.

Ana yawan tambaya ko za a iya kai foldar ita kaɗai wani faifan. Lightroom tana nemanta ne a gefen katalog, da suna iri ɗaya da nasa, don haka in za a tashi sai a tashi gaba ɗaya: rufe manhajar, kwafe dukan foldar katalog zuwa SSD na waje, wato faifai mai sauri, danna .lrcat sau biyu daga can. Katalog ba ya buɗewa daga faifan da ake rabawa ta netwok.

6. To mene ne kuma Camera Raw Cache? Ba abu ɗaya ba ne?

Daban ne. Wannan na sashen Develop ne, yana riƙe RAW ɗin da aka fara sarrafawa don kada a koma farko duk lokacin da ka dawo kan hoto. Yana Preferences, shafin Performance. Manhajar tana zuwa da shi a GB 5, in ya cika sai ta zubar da tsoho ta zuba sabo. In kana da wuri ka kai shi GB 20, ka kuma tabbata a kan SSD yake. Maɓallin Purge Cache yana kwashe shi ba tare da ya taɓa gyara ko ɗaya ba.

Wasu sun mai da danna Purge Cache al'ada, kullum da safe kamar sharar tsakar gida. Ba ya ƙara sauri, rage shi ma yake yi, tunda sai an sake gina abin da aka zubar. Ka danna shi in wuri ya ƙure, ko in hoto yana fitowa a gurɓace a Develop alhali lafiyarsa ƙalau a wani wuri.

7. Smart Previews fa, ina bukatarsu?

Sun shigo ne da Lightroom 5 a 2013. Ƙananan fayilolin DNG ne, wato RAW irin na Adobe, da aka matse, dogon gefensu wajen fiksel 2560, kuma ana iya gyara a kansu ko faifan da ainihin hotuna suke ba ya jone. Ka bar faifan a situdiyo, ka yi gyara a gida ko a mota, da ka dawo ka jona sai gyaran ya hau kan na asali. Ga mai laftof mai rauni akwai zaɓi a Performance da ke sa a yi gyara da su ko na asalin suna nan, kuma ana jin bambancin.

Kada ka fitar da hoton da za a buga babba daga cikinsu, kuma kada ka yanke hukuncin kaifi ko rage ƙura-ƙuran hoto a kansu. Kafin ka goge foldarsu, jona faifan ka tabbata na asalin suna raye, saboda dalilin da ke ƙarshen amsa ta 2.

8. An ɗauke wuta ina cikin aiki, yanzu katalog ya ƙi buɗewa, wai wata manhaja na amfani da shi.

Duk lokacin da katalog yake buɗe, Lightroom tana ajiye ɗan fayil mai ƙarewa da .lock a gefensa, in ta rufe lafiya ta ɗauke abinta. Da wuta ta yanke sai ya kwana a wurin. Tabbatar manhajar ba ta aiki a ɓoye, ka goge wannan fayil shi kaɗai. Za ka iya ganin wani mai ƙarewa da -wal. Bar shi, yana iya ƙunsar gyaran da bai gama shiga katalog ba.

In katalog ɗin ya lalace da gaske, kwafin ko-ta-kwana ne zai cece ka. Saita Back up catalog ya tambaye ka duk fita, kuma a akwatin da zai bayyana ka canza wurin zuwa wani faifan daban. Kwafin da ke faifai ɗaya da katalog tare za su mutu. Wannan kwafi katalog kawai yake ɗauka, babu hoto ko ɗaya cikinsa, kuma tsofaffin suna taruwa. Na taɓa samun na shekara uku jibge a kwamfutar wani yana neman abin da ya cinye masa wuri.

9. Photoshop tana cewa Scratch disks are full. Wannan ma rumbun ne?

Ɗan uwansa ne. In RAM ta kasa, Photoshop tana aron wuri a faifai ta yi shimfiɗa. Danne Ctrl da Alt yayin da take tashi, za ta ba ka damar zaɓen wani faifan. In ta mutu ba shiri takan bar manyan fayiloli masu fara da Photoshop Temp a foldar Temp ta Windows, ana iya goge su in tana rufe. Wani abin da ke jawo saƙon kuma kuskuren hannu ne: mutum ya so rubuta fiksel 3000 wajen yanka hoto, ma'aunin yana kan inci.

10. Me zai hana in bar sunan da kamara ta ba hoto?

Saboda sunan yana maimaituwa. Kamarori suna bin wata ƙa'ida da ake kira DCF, shi ya sa kowace take da foldar DCIM kuma sunan hoto harafi takwas ne. Canon tana ba da IMG_0001, Nikon DSC_0001, Sony DSC00001, Fujifilm DSCF0001. Lambar tana tsayawa a 9999 ta koma farko. Mai ɗaukar hoto dubu biyu kowane biki, bayan biki biyar ya zagayo. A shekara ɗaya sai ka tara IMG_0347 kusan goma, kowanne amaryarsa daban. Ranar da ka zuba biyu a folda guda kuma ka danna Replace cikin gaggawa, ɗaya ya tafi.

In ka ga sunan ya fara da ɗan layin ƙasa, kamar _MG_0347 ko _DSC0347, ba matsala ba ce, alamar an saita kamara a Adobe RGB ce.

11. Wane tsarin suna ya fi?

Wanda ba zai taɓa maimaituwa ba, kuma zai jera kansa. Nawa ga shi: 20250412-163205_AM_0347. Shekara, wata, rana, sai awa da minti da daƙiƙa, sai haruffa biyu na waɗanda aka yi wa aikin, sai lambar da kamara ta bayar tun asali. Shekara take fara zuwa domin kwamfuta daga hagu take jerawa. In ka rubuta 12-04-2025, duk ranakun 12 na kowane wata za su taru wuri ɗaya. Lambar ƙarshe tana raba hotuna biyar da ka harba a daƙiƙa ɗaya, tana kuma taimaka maka komawa kan kwafin katin in ta kama.

Ana haɗa shi sau ɗaya a File Renaming wajen shigowa, a ajiye shi a matsayin samfuri. Wannan sashe yana bayyana ne in ka zaɓi Copy ko Move, ba ya fitowa a Add. Hotunan da suka riga suka shiga, zaɓe su a Library ka danna F2. In ka fi son lambar jeri, ba ta sifili a gaba, 0001 maimakon 1, don wasu na'urori suna sa 10 kafin 2.

Kada ka cusa labari cikin suna. Kamu, ɗaurin aure, walima, wankan amarya, waɗannan aikin folda ne ko Keywords, kalmomin da ake liƙa wa hoto don nema. Windows ta saba da iyakar harafi 260 ga dukan hanyar fayil, daga harafin faifai har ƙarshen suna, kuma folda cikin folda cikin folda da dogayen sunaye suna kai mutum can ba tare da ya sani ba.

12. Zan iya sa ƙ, ɗ, ɓ a sunan fayil?

Windows da Mac za su karɓa. Amma fayil ba ya zama wuri ɗaya: zai bi ta filashi, ta ZIP, ta tsohuwar kwamfutar wurin buga hoto, ta talabijin ɗin gidan amarya. A ɗaya daga cikinsu ɗaurin aure zai koma alamar tambaya ko akwati. A sunan fayil da folda rubuta daurin-aure, ka bar ƙugiya da alhamza ga Caption da Keywords, inda ba sa damun kowa. Maimakon tazara sa karan ɗori ko layin ƙasa. Waɗannan kuwa Windows ba ta yarda da su sam: \ / : * ? " < > |

13. Na canza sunan hotuna a Explorer, manhajar duba fayiloli ta Windows, yanzu alamar motsin rai ta fito a kansu. Wasu foldoji kuma alamar tambaya.

Katalog adireshi yake riƙewa, hotunan suna inda ka ajiye su. Ka canza suna ko wuri a bayan idonsa, sai ya je adireshin bai tarar da kowa ba. Har yanzu kana ganin hoton saboda hoton duba na amsa ta 1, amma Develop zai ce fayil ya ɓace. In folda ce, danna dama a kanta, Find Missing Folder, ka nuna sabon wurin, kuma ka fara daga babbar folda ta sama don ƙananan su biyo. In wuri hoto ya canza, danna alamar, Locate, ka bar Find nearby missing photos a kunne. In suna ka canza, wannan ba zai taimaka ba. Ko ka mai da tsofaffin sunaye, ko ka nuna su ɗaya bayan ɗaya.

Babban kuskure shi ne sake shigo da su ko danna Synchronize Folder. Za su shigo a matsayin sababbi ba gyara, tsofaffin masu gyaran kuma a cire su.

In duk faifan waje ne ya cika da alamar tambaya rana ɗaya alhali ba ka taɓa komai ba, duba harafinsa. Jiya E ne, yau ka fara soka filashin wani sai ya zama F. Shiga Disk Management ka ba shi harafi daga can ƙarshe, kamar P ko X, wanda ba mai ƙwace masa.

14. Ƙananan fayilolin .xmp da ke gefen hotuna fa, shara ce?

Ba shara ba ce. Lightroom ba ta rubutu cikin fayilolin RAW irin su CR3, NEF ko ARW, sai ta rubuta gyara da taurari a ɗan fayil mai suna iri ɗaya da na hoton. Ctrl da S ke yin haka, ko ka kunna Automatically write changes into XMP. JPEG, TIFF da DNG a cikinsu ake rubutawa. Suna ne kaɗai ya haɗa RAW da .xmp ɗinsa, wanda ya canza ɗaya ya bar ɗaya ya raba su, F2 kuwa tare yake canza su. Ba ya ɗaukar Collections, Virtual Copies ko tarihin gyara, don haka bai maye gurbin kwafin amsa ta 8 ba.

15. Mu biyu muka ɗauki biki, hotunan sun cakuɗe. Kuma masu biki suna turo min zaɓinsu da sunayen da ban sani ba.

Na farko agogo ne. Kafin ku fita ku daidaita agogon kamarorin. In an manta, nemo lokaci ɗaya da ku biyu kuka ɗauka, kamar sanda aka shafa fatiha, ka lissafa tazarar, ka zaɓi duk hotunan kamara ɗaya ka gyara a Metadata, Edit Capture Time. Bayan nan ne za ka danna F2, in ba haka ba lokacin ƙarya zai shiga sunan da ke amsa ta 11.

Na biyun kuwa WhatsApp ne. Hoton da aka tura ta hanyar da aka saba yana isa a matse, a wayar Android kuma da sabon suna irin IMG-20250412-WA0012. Sai uwar amarya ta kira ta ce a wanko mata wanda take sanye da shuɗin leshi tana dariya, alhali a hoto arba'in tana sanye da shi tana dariya. Tura su a matsayin Document, sunan zai tsira. Wajen Export kuma kada ka sake jera lamba daga 1, bar lambar ƙarshe yadda take a katalog. In ta ce 0347, ka rubuta a akwatin nema ya fito.

16. Ba Lightroom nake amfani da ita ba. Duk haka ne?

Tushen ɗaya ne, wurin ajiya ne ya bambanta. A Session na Capture One, cikin foldar hotuna akwai wata mai suna CaptureOne, cikinta Cache da Settings. Cache ana gogewa ta sake ginuwa, Settings kuwa gyaranka ne, wanda ya goge uwar foldar gaba ɗaya ya zubar da aikinsa. darktable tana ajiye gyara a .xmp mai ɗauke da cikakken suna, kamar IMG_0347.CR2.xmp, ƙananan hotunanta kuma suna foldar rumbu daban da za a iya kwashewa. A Adobe Bridge, in ƙananan hotuna sun ƙi sabuntawa, shiga Tools, Cache, ka kwashe na wannan foldar kawai, kuma wajen Batch Rename kunna Preserve current filename in XMP Metadata don tsohon suna ya zauna a ciki. In Explorer ce ke nuna tsohon hoto ko farin akwati a madadin RAW, share Thumbnails ta Disk Cleanup, ka kuma sauko da Raw Image Extension daga Microsoft Store.